Furen Da Aka Sa Wa Masu Gadi

   Yau wasiƙu biyu ne a gabana, kuma zan haɗa su in amsa a zama ɗaya, domin ko da yake masu su ba su san juna ba, tambayoyin nasu uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai harkar hatsi a Getso, ta ƙaramar hukumar Gwarzo. Bayan gaisuwa ya ce, ɗansa ya nuna masa hoton wani fure a waya, ruwan ɗorawa, mai siffar takalmi. Wanda ya sa hoton yana tallar irinsa ne, yana cewa tushe ɗaya kuɗi ne mai kauri a ƙasar Turai, a aiko da kuɗi ya aiko da ƙunshin iri. Alhaji ya ce yana da ɗan lambu da ruwa ba ya yanke masa rani da damina. Tambayarsa ita ce, wane fure ne wannan, kuma in ya sayi irin ya shuka, zai yi a ƙasarmu?

Ta biyu kuwa wani dattijo ne manomi daga Garo, ta ƙaramar hukumar Kabo, jikansa ya rubuta masa. Ya ce a iyakar gonarsa, wajen da ba a nomawa, akwai wani tsiro da kan fito da bazara kafin ruwan shuka. Sanda ce kawai take hudo ƙasa ba ganye, ta yi furanni masu launin shuni-shuni a jere, sai daga baya ganyen ya biyo. A ƙarƙashinsa akwai 'ya'ya kamar dankali, a jere kamar an ɗaura su a igiya. Ya ce yana yaro abin nan birjik yake, yanzu bai fi tushe biyar ya rage ba a wajensa. Ya taɓa tono ɗaya ya dasa a gida, ya yi ganye shekara guda, daga nan bai sake ganinsa ba. To ga shi wani baƙo ya zo yana neman a tono masa, zai saya mudu-mudu. Baba yana tambaya, ya sayar ko kada ya sayar?

Bari in fara da kai Alhaji, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Riƙe kuɗinka. Ko sisi kada ka aika. Furen da ka gani gaskiya ne akwai shi, ba haɗin kwamfuta ba ne, amma ba zai yi a Getso ba, ba zai yi a Kano ba, kuma abin da za a ƙulla maka a takarda a ce irinsa ne, ko da na gaskiya ne, in ka watsa shi a lambu ba abin da zai fito. Yanzu ga dalili.

Turawan Ingila suna kiran wannan fure da sunan da in an juya shi da Hausa zai zama "takalmin uwargida". Masana tsirrai kuma suna ce masa Cypripedium calceolus, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa masa a shekarar 1753. Yana cikin wani babban dangi na tsirrai da ake kira okid, mai iri kusan 28,000 a duniya. Tsayinsa ba ya wuce kamu ɗaya da rabi, ganyensa mai faɗi ne da layi-layi. Furen shi ne abin kallo. Akwai wata 'yar jaka ruwan ɗorawa mai sheƙi, kumburarriya, da baki a sama, sak takalmin jariri. A gefenta kuma ga wasu filaye dogaye masu launin goro da aka tauna, a murɗe kamar gashin baki. Yana fure a watannin Mayu da Yuni, kwanaki kaɗan ya yi yaushi.

Gidansa dazuzzukan arewacin duniya ne masu sanyi, tun daga Turai, ya ratsa Rasha da Saiberiya, har ƙasar Sin da arewacin Japan. Yana son inuwar da rana take ɗan leƙowa, da ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya, musamman wadda take kan dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. Yana da 'yan'uwa kusan hamsin a Asiya da Amurka ta Arewa, amma duk faɗin Afirka ba inda ko ɗaya daga cikinsu yake fitowa a daji. In sanyi ya shigo ganyensa kan mutu, saiwar ta kwanta a ƙarƙashin dusar ƙanƙara tana barci wata uku ko fiye. Wannan barcin dole ne a gare shi. In bai samu ba, ba ya tashi da ƙarfi. To mu sanyin da muke taƙama da shi na hunturu, wanda yake sa mu hura wuta a zaure muna ta kururuwa, a wajen wannan tsiro ko kusa bai kai ba. Balle kuma zafin Afrilu da kan haura 40 a ma'auni. Ruwan lambunka ba zai yi maganin wannan ba, Alhaji.

Kafin in wuce, bari in gaya muku amfanin takalmin nan, domin akwai hikimar Ubangiji a ciki. Tarko ne. Wasu ƙananan ƙwari dangin ƙudan zuma, masu haƙa rami a ƙasa, su ne ƙamshi da launi suke jawowa. Ƙwaro ya sauka a bakin jakar, ya zame ya faɗa ciki. Bakin a lanƙwashe yake zuwa ciki, ga santsi, ba damar komawa ta inda ya shigo. Sai ya yi ta zagaye har ya gano wata 'yar ƙofa matsattsiya ta baya. Yana kutsawa zai goge bununin da ya ɗauko daga wani furen, sannan sabon bununi ya manne masa a baya. Barbara ta yiwu ke nan. Abin dariyar shi ne, duk wannan wahala ba a ba shi ko ɗigon ruwan zaƙi ba. Aikin banza ya yi, an ci da guminsa. Kuma ƙwaron ba wawa ba ne, da yawa in sun sha sau ɗaya ba sa komawa, shi ya sa furanni da dama kan bushe ba su yi kwanso ba.

Yanzu mu zo kan iri, wanda nan ne gizo yake saƙa. Duk manomi ya san in ya fasa ƙwayar wake ko gyaɗa zai ga ɗan tsiron a maƙale, sauran duk abinci ne. Guzuri ne aka haɗa shi da shi, wanda zai ci har ya fitar da ganye ya fara neman na kansa. Irin okid ba shi da guzuri ko kaɗan. Gari ne kamar ƙura, kwanso ɗaya yana ɗauke da dubbai, iska ce take kwashe su. Mutanen Gwarzo da Kabo ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san ƙuduji. Shi ma irinsa ƙura ne, yakan kwanta a gona shekara goma ko fiye, ba zai tsiro ba sai ya ji saiwar dawa ko gero kusa da shi, ya kama ta ya yi ta tsotsa. To okid ma sai da mai riƙo. Sai dai shi bai taɓa amfanin gona ba, ba ruwansa da dawarku.

Mai riƙon nasa wata irin fumfuna ce da take zaune a cikin ƙasa, dangin naman kaza ɗin nan da yake fitowa da damina. Zare-zare ne sirara waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Zaren nan yakan shiga cikin ƙwayar irin, ita kuma maimakon ta ruɓe sai ta riƙa narkar da shi tana ci. Wani matashin masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano wannan a shekarar 1899. Kafin nan masu lambu a Turai sun daɗe suna watsa irin okid suna zaman jiran gawon shanu. Kuma ba kowace fumfuna ce take karɓar kowane okid ba, kowa da abokin tafiyarsa. Cikin dubban ƙwayoyin da iska ta kwasa, wadda ta faɗi daidai inda abokin nan yake ita kaɗai ce za ta rayu.

Ko ta dace ma, ba sauri ake yi ba. Ɗan tsiron takalmin uwargida yakan yi shekara uku ko huɗu a ƙarƙashin ƙasa, bai ga rana ba, kafin ya fito da ganyen farko. Fure kuma sai ya shekara shida zuwa goma, wani lokaci fiye. Akwai wani ɗan'uwansa fari da ja-ja a Amurka, wanda jihar Minnesota ta ɗauka a matsayin furenta, kuma ta hana tsinkarsa tun 1925. Shi yakan kai shekara 16 kafin furen farko. Wato ka shuka ranar sunan ɗiyarka, ka ga fure ana shirin kai ta ɗaki. Amma in ya kafu, saiwarsa takan yi ta rarrafe a kwance kamar ta citta, tushe ɗaya ya rayu shekaru aru-aru, ya binne wanda ya fara ganinsa.

Ka gani ke nan Alhaji. Masu raino na gaskiya a Turai ba sa watsa irin nan a ƙasa. A cikin kwalabe suke tsirar da shi, a ɗakin gwaje-gwaje, kan wani abinci mai kama da kamu wanda aka dafa aka kashe duk wata ƙwayar cuta a cikinsa. Wani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya nuna a 1922 cewa in an ba irin okid sukari da gishirin da yake bukata a kwalba, zai iya tsirowa ba tare da fumfunar ba. Daga nan sana'ar ta samo asali. Saboda haka duk wanda ya ce zai aiko maka da iri a ambulan ka yayyafa a kwami, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani sarai. Ni dai na fi zargin na biyun. Ga kuma doka. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya tana cikinta tun farko, kuma duk dangin okid suna ƙarƙashinta. Ba a ƙetare iyaka da tsironsu sai da takarda. A nan gida ma, shigo da iri ko dashe daga waje sai da izinin hukumar da take killace tsirrai da dabbobi.

Batun cewa yana da tsada a Turai kuwa, yana da asali, kuma labarin ya kamata Baba na Garo ya kasa kunne ya ji, domin amsarsa tana ciki.

A arewacin Ingila akwai wani yanki mai tuddai da kwaruruka da ake kira Yorkshire. A da, furen nan yana fitowa a dazuzzukan wurin. A ƙarni na 19 sai wata irin zazzaɓin son okid ta kama masu kuɗin Ingila. Kowa yana son a ce akwai shi a lambunsa, wasu kuma su busar su manna a littafi. Da aka sami masu saye, sai aka sami masu tono. Talakawan ƙauye suka riƙa shiga daji suna haƙo shi da saiwarsa suna kaiwa kasuwa, kamar yadda ake kawo mana saiwoyi da sassaƙe a Kasuwar Kurmi. Ni ban ga laifin talakan sosai ba, abinci yake nema. Amma ku lura da lissafin. Abin da ya ɗauki shekara goma kafin ya yi fure, minti biyar ya isa a tumɓuke shi. Yawancin waɗanda aka kai lambu kuma mutuwa suka yi, aka koma daji aka ƙaro. Tumaki ma suka taimaka da nasu kiwon. Da abin ya yi ƙaranci sai kuɗinsa ya tashi, da kuɗinsa ya tashi sai masu nema suka ƙaru. A shekarar 1917 aka ba da sanarwa cewa ya ƙare ƙaf a ƙasar.

Sai a 1930 aka yi kiciɓis da tushe ɗaya tak a wani gangaren dutse da ba a cika zuwa ba. Ɗaya, jama'a, a duk faɗin ƙasar Ingila. Waɗanda suka sani suka kama bakinsu, har yau ba a shelar wurin. Daga baya aka kafa kwamiti musamman saboda wannan tsiro. Lokacin fure ya yi, sai a sa mai gadi ya tare kusa da shi, yana tsaronsa daga ɓarayi da masu tattaka ƙasa garin kallo, har da dodon koɗi mai cin ganye. Da yake ba wani ɗan'uwa kusa da ƙwaro zai kawo bununi daga gare shi, sai mutum ne yake yin barbarar da hannu, kamar yadda masu dabino suke yi. Akwai wani tushen kuma a wani filin wasa a Silverdale, wanda aka sha kai wa farmaki, har a 2010 'yan sanda suka shiga maganar tsaronsa. Ku ji fa, ɗan sanda da kakinsa yana gadin ciyawa.

A 1983 babban lambun bincike na Kew da yake Landan ya fara aikin raino. An sha wuya, domin irin wannan fure ya ƙi tsirowa ko a kwalba. Sai da aka gane a ɗebi irin tun yana ɗanye, kafin ɓawonsa ya yi tauri, aka kuma yi amfani da haɗin wani likita ɗan Suwidin, Svante Malmgren, wanda a cikinsa akwai ruwan abarba da irin ruwan abincin da ake ƙara wa jarirai a asibiti. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara mayar da 'yan dashe daji. Da yawa suka mutu. Wasu suka kama, suka yi fure bayan dogon jira. Amma abin da ake nema shi ne a ga sun haihu da kansu, iri ya faɗi ƙasa ya sami abokinsa ya tsiro ba da hannun mutum ba. Wannan bai tabbata ba sai a watan Yunin 2024, da aka ga sabon tsiro ɗaya a ɗaya daga wuraren da aka yi dashen. Daga 1930 zuwa 2024 shekara 94 ke nan. Ƙasa mai kuɗi da masana da ɗakunan bincike, abin da ta iya ke nan wajen gyara ɓarnar da aka yi da 'yar sanda mai tsini.

To Baba, Allah ya ƙara girma, na dawo kanka. Siffar da ka bayar ta dangin okid ce na ƙasarmu, waɗanda masana suke kira Eulophia. Akwai wani daga cikinsu, Eulophia cristata, mai fure shuni-shuni a kan doguwar sanda, wanda ake samu a dajin ciyawa tun daga Senegal har Habasha. Yakan yi fure ƙarshen rani zuwa bazara, sau da yawa a inda gobara ta ci, ganye ya biyo baya in ruwa ya sauka. Shi ba ya barcin ƙanƙara, barcin rani yake yi, kuma 'ya'yan nan da ka gani a jere rumbunsa ne. Kowace shekara yakan ƙara ɗaya a gaba, kuma daga sabon ne tsiron baɗi yake fitowa. Wanda ka dasa a gida ya yi ganye ne da abin da ya taho da shi a rumbu. Da ya cinye, ƙasar tsakar gida ba irin tasa ba ce, ga kaji ga awaki ga ruwan wanke-wanke, sai ya tafi.

In kana son ka tabbatar, ga alama uku. Dubi furen da kyau, za ka ga fili ɗaya na ƙasa ya bambanta da sauran, ya faɗaɗa kamar leɓe, nan ne ƙwaro yake sauka. Takalmin da muke ta magana a kai ma leɓen nan ne ya kumbura ya zama jaka. Sannan in kwanson ya bushe ka fasa a tafin hannu, gari za ka gani, ba ƙwaya ba. Na uku, ɗan da yake ƙasa dunƙulalle ne, ba shi da ɓawo-ɓawo irin na albasa. Wannan ya raba shi da gaɗali da albasar kwaɗi, waɗanda ko ina ka tono ka dasa za su kama, su yi ta 'ya'ya. Kuma ina roƙon iyaye, a ja kunnen yara masu kiwo. Ba duk abin da aka tono ne rujiya ba. Baurere, mai fure ja da ruwan ɗorawa kamar harshen wuta, saiwarsa guba ce mai kisa.

Akwai wani ɗan dangin kuma da mutanenmu suka daɗe da sani, wanda shi a kan bishiya yake zama, a hammatar reshe ko a wuyan giginya, an fi ganinsa in an yi kudu inda ruwa ya fi yawa. Furensa ruwan ɗorawa ne da ɗige-ɗige kamar damisa. Wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa, Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta shi da sunan murucin bisa, da kuma manta uwa, sunan da ake kiran tsirrai fiye da ɗaya da shi, saboda ana ba yaron da aka yaye. Mutane kan ɗauka kauci ne. Kauci yana huda reshe ya sha jinin bishiya. Shi wannan zama kawai yake yi, ɗan haya ne, abincinsa ruwan sama da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a saiwarsa.

Me ya sa naka ya ragu daga birjik zuwa biyar? Kai ka fi ni sani, Baba, domin a gabanka aka yi. Da akwai saura, a bar gona ta huta shekaru. Yanzu wa yake da gonar da zai bari? An gaji gona an raba, an sake rabawa. Iyakar da a da take da faɗin da jaki zai wuce da kaya, ga gamba ga sabara, yanzu ta koma kamar zare. Garmar shanu da tarakta suna kai wa inda fartanya ba ta kai, suna yanka 'ya'yan suna juyo su rana. Ga maganin feshi na ciyawa, wanda bai san okid ba bai san ƙaya ba. Wake ko gero in ka ɓata bana, baɗi ka sayo iri a kasuwa. Wannan kuwa ba a sayar da irinsa, kuma ɗansa ba ya tsirowa sai a ƙasar da aka daɗe ba a dama ta ba.

Kada a ce labarin Turawa kawai na kawo. A Zambiya akwai wani abinci da ake kira cikanda, wanda asalinsa na ƙabilar Bemba ne. Ana daka 'ya'yan okid na ƙasa, a haɗa da garin gyaɗa da barkono da ruwan toka, a dafa ya daskare, a yanka kamar alkaki ko dambun nama da aka matse. Da abincin ƙauye ne, mata su tono kaɗan su rufa wa miya asiri. Da ya shiga birni ya zama abin sayarwa a Lusaka, sai na kusa ya ƙare, fatake suka tsallaka Tanzaniya. Wani bincike da aka fitar a 2001 ya ƙiyasta cewa 'ya'ya miliyan 2 zuwa 4 ake ƙetarewa da su kowace shekara. Abin ya kai gwamnatin Tanzaniya ta killace tudun Kitulo ta mai da shi gandun ƙasa a 2005, musamman domin furanninsa. Mu ma nan mun ga irinta da madobiya. Cikin 'yan shekaru aka yi ta lodin gungumenta daga Taraba da maƙwabta zuwa ƙasar Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018, bayan manyan sun riga sun tafi. Sanya ma, uwar magunguna, ku tambayi masu tonon saiwarta nisan da suke yi yanzu kafin su samu.

Saboda haka shawarata, Baba, kada ka sayar. Gonarka ce, ba mai hana ka, amma ka yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tushe biyar in ka tone duka da wuya su cika mudu biyu. Kuɗin ba zai kai ka kasuwa biyu ba, kuma ciniki ne na sau ɗaya, domin baɗi ba abin da za ka tono. Shi baƙon ba asararsa, gaba zai yi ya nemi wani ƙauyen. Kuma ka tambaye shi me zai yi da shi, ina zai kai, nawa ake saye a can. Mai sayen da ya ƙi faɗin inda kaya za su, yawanci ribar da yake ɓoyewa ce ta fi abin da ya ba ka nesa ba kusa ba.

In kuwa bukata ce ta gida, irin wadda aka gada, to a yi ta da ƙa'ida. A bari sai fure ya wuce, kwanso ya bushe ya fashe. A tona ta baya, a ɗauki tsohon ɗa ɗaya, a bar sabon na gaba mai ido a inda yake, a mayar da ƙasa a danne. Kada a taɓa tushe ɗaya shekara biyu a jere. Wajen da suke, ka bar taku biyu ko uku ba garma ba feshi, ka kafa 'yan duwatsu ko ka dasa aduruku don masu huɗa su gane. Ka nuna wa jikan nan naka da ya rubuta wasiƙar, ya san wurin. Ba ya cin taki, ba ya neman ban ruwa, ba ya hana dawa yi.

Alhaji, kada ka tashi hannu rabbana, akwai okid ɗaya da duniya take ciniki da buhu. Shi ne banila, mai ƙamshin nan da ake sa wa kek da askirim. Madagaska ce kan gaba wajen nomansa, kuma kowane fure da hannu ake yi masa barbara, da dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reunion a 1841. Sai dai shi ma ɗan kurmi ne, yana son laima da inuwa shekara zagaye, iskar hunturunmu za ta busar da shi. Lambun da ruwa ba ya yankewa a ƙasar Gwarzo, ka sa masa albasa da tumatir da attaruhu, ka jera zogale da gwaba a gefe. In kuma dashen ne yake ba ka sha'awa, raini maɗaci da ɗorawa da tsamiya a leda, waɗannan irinsu yana da guzurinsa, kuma masu nema suna nan kusa da kai.

Masu sauraro na Kutama da Lakwaya da Gude da Durun da sauran garuruwa, duk wanda yake da irin wannan tsiro a wajensu, ya aiko mana da sunan da ake kiransa da shi a garinsu, da watan da yake fure, da abin da tsofaffi suke yi da shi, za mu karanta a fili. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, akwai wasiƙar wata baiwar Allah daga Ƙaraye a kan ƙwarin da suke cinye mata wake a buhu. Sai mun sadu, a huta lafiya.